Minti Bakwai na Malam Mati

Maharazu ya shekara goma sha tara yana gyaran agogo a wata rumfa kusa da Kusugu, har wayar hannu ta zo ta kashe masa kasuwa. Bai yi zuciya ba. Ya sayi tsohuwar laftof, ya sa mata Linuks, manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Shi dama abin da ba a buɗewa ba ya burge shi.

Aikin da yake taƙama da shi allon masallacin unguwarsu ne, mai nuna lokaci da manyan lambobi jajaye. Don Malam Mati ya haɗa shi, ladanin da ya shekara arba'in yana kiran salla kafin idonsa ya yi yana. Kwamitin masallaci ya fara ƙus-ƙus ɗin a sauya shi, sai allon ya rufe bakin kowa, don jajayen lambobin nan Malam Mati yana ganin su. Wata ƙaramar kwamfuta ce ke tuƙa allon, tana maƙale a bayansa can sama kusa da rufi. Agogonta yana da gaggawa, don haka duk Juma'a Maharazu kan zauna a ƙasa ya haɗa ta da laftof ɗinsa ta bulutut, hanyar saƙon iska marar waya, ya aika mata daidai lokaci harafi bayan harafi.

Sai zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyar. Ranar ɗaya ga azumi bayan La'asar ya lallaɓo masallaci, ya dubi allo, ya dubi agogon hannunsa. Allon ya yi gaba da minti bakwai. In Malam Mati ya bi shi, unguwa guda za ta sha ruwa rana ba ta faɗi ba. In kuma Maharazu ya ce masa ya dakata, jama'a za su san allon na ƙarya, kwamiti kuwa abin da yake jira ke nan.

Ya buɗe laftof ya nemi ƙaramar kwamfutar. Shiru. Ya kashe bulutut ya kunna, ya goge tsohon haɗin don ya sake sabo, ya duba lambar tasha, ya duba ko an hana shi izinin ƙofar saƙon. Komai lafiya lau, amma ko sunanta bai fito ba. Ga allo yana ci, alamar tana da rai. Zufa ta jiƙa masa riga, tsoro ya kama shi sosai. Ya nemi tsani, aka ce masu fentin da suka yi aiki a masallacin yana kwance sun tafi da shi Zango.

Shida da kwata Malam Mati ya shigo yana dogara sanda.

"Maharazu, jiki ya yi sauƙi? Ka ga gatan da na yi wa idon nawa?"

"Wane gata, Baba?"

"Masu fenti sun ce abin naka yana zaune tsirara, jemagu na yi masa kashi. Na ba su kwanon shan matata Hussaina mai murfi, suka huda gefe don waya, suka sa shi ciki."

Maharazu ya rasa dariya zai yi ko kuka. Kwanon ƙarfe! Ina saƙon iska zai ratsa ta nan? Ya jawo bencin alwala, ya ɗora turmin maƙwabta a kai, ya hau. Da sandar Malam Mati ya zunguri murfin har ya faɗo ƙasa da ƙara.

Ya sauko da kyar, ya sake nema. Sunanta ya fito. Haɗin farko ya katse, na biyu ya kama. A lokacin nan masallaci ya fara cika, Malam Mati ya miƙe ya nufi lasifika yana gyaran murya. Maharazu ya danna, lambobin suka koma baya da minti bakwai.

Tsohon ya ƙura wa allon ido, ya daɗe, sannan ya dawo ya zauna kusa da shi. Ya rage murya.

"Dama jikina ya ba ni da saura. Amma da allon ya ce lokaci ya yi, da na kira."

Maharazu ya riƙe murfin kwanon a cinyarsa, suka jira tare.