Neman Kabarin Yaya Sani a Kan Tsauni

Matamaye zuwa Damagaram

Na bar gida kafin a kira assalatu. Inna, mahaifiyarmu, tana zaune bakin ɗakinta, idanun da suka daina gani suna bin motsina. Shekaru ke nan da jirgin soja ya faɗi da yayana Sani a tsaunukan arewa lokacin faɗa da 'yan bindiga, gawa kuwa ba a kawo mana ba. Abu ɗaya ta aike ni: in gano ko an binne shi kamar Musulmi.

Mota ta cika maƙil, har da awaki. A shingen jandarma aka tambaye ni inda na nufa, na ce gaisuwar mutuwa.

Damagaram zuwa Tanut

Jaka huɗu na sefa direba ya karɓa, ya ajiye ni kan buhun albasa. A Tanut na kwana a rumfar mai shayi, biredi da ruwan bunu ne abincina. Washegari na hau kamiyo, babbar motar dakon gishiri, inda kwalta ta ƙare kuma na koma bayan babur.

Tsaunin

Wani dattijo makiyayi, Malam Agali, shi ya hau da ni. Duwatsu baƙaƙe, babu inuwa, ƙafafuna suka yi jini cikin takalmi. A saman ba mu tarar da fiffike ko inji ba, sai ƙasa ƙonanniya da guntayen waya.

"Baba, ina jirgin?"

"'Yan jari-bola sun kwashe shi a kan jakuna, ɗana."

"Mutanen fa?"

Ya ce da wuta ta mutu, shi da 'yan'uwansa suka tattara abin da ya rage. Bai wanku ba, sai suka naɗe shi a rawunansu, suka yi masa salla, suka rufe, suka jera duwatsu a kai. Daga baya masu na'urar neman ƙarfe suka zo. Na'ura ta yi kuka a kan kabarin saboda ƙarafan ɗamarar soja, suka tone shi. Damina ta wanke sauran zuwa kwari.

Ya nuna mini ramin. Na ɗaga hannu zan yi addu'a, na rasa inda zan fuskanta. Ban taɓa jin zuciyata ta mutu irin ta ranar ba.

Gida

Na iso Matamaye da la'asar. Allah Ya saka wa Malam Agali da alheri, da direbobin da suka kai ni suka dawo da ni. Inna ta laluba ta kama hannuna.

"Ka ga kabarin?"

"Na gani, Inna."

"An fuskantar da shi gabas?"

"An fuskantar. Har salla aka yi masa."

Ta yi hamdala, ta saki ajiyar zuciya. Sannan ta ce, "To, in damina ta wuce ka kai ni. Ko ban gani ba, in dafa duwatsun da hannuna."