Allon Ajiye Jirage

Jiragen ƙasa na wasa na same su ne a unguwar Aziziyya. Wani dattijo da na yi wa aikin kafinta zai tashi daga gidansa, ya ba ni su a kwali. Na kawo su unguwarmu Ka'akiyya na shimfiɗa layin a kan kanta, jikin bangon ɗakinmu. Sai dai kowane layi yana son wurin ajiya a ƙarshensa, inda jirgi ɗaya zai shiga ya huta, wani ya fito. Ni kuwa abin da ya rage mini tsakanin firij da ƙofa bai fi tsawon hannu ba.

Da farko da hannu nake ɗaga jirgi in sauke, in ɗora wani. Ƙafafunsu ƙanana ne kamar ƙwayar wake, sai an saita kowace a kan ƙarfenta. A nan na fara lura da hannuna na dama. Ina riƙe da kan jirgin, sai ya soma kaɗawa shi kaɗai. Na tuna mahaifina a Sakkwato, yadda ya ƙare ba ya iya kai cokali baki. Na ajiye jirgin na zauna a kan hannun.

Ban gaya wa matata ba. Kafinta da hannunsa yake zaune a ƙasar nan. In hannun ya tafi, iƙama, takardar izinin zama, ta bi shi.

Sai na shiga neman dabarar da ba zan ƙara taɓa jirgi ba. Na gwada raba layin gida huɗu kamar yatsu, amma mararrabar ta cinye wurin tun kafin a zo ajiyar. Na zana wani mai lanƙwasa, ƙofa ta ƙi buɗuwa. A ajin yaƙi da jahilci da muke yi bayan Isha'i, malam yana koyar da haruffa, ni ina zana layuka a gefen takarda, su ma a karkace suke fitowa.

Daga baya na sayo ƙarfen da durowa ke gudu a kansa a unguwar Misfala. Na ɗora allo a kai, layuka huɗu a jere. In ka tura allon, layin da kake so ya zo daidai bakin babban layi, sai ka zura 'yar sakata a raminta ta riƙe shi. Wuri ya isa har da saura.

Ran Juma'a da la'asar na kira matata ta gani. Na tura allon. Na kama sakatar, ta riƙa buga gefen ramin, ƙas-ƙas-ƙas, ta ƙi shiga. Na sake gwadawa. Ƙarar ta cika ɗakin.

"Ramin ne ya yi kaɗan," na ce.

"Malam, ramin kofin shayi ma ya yi kaɗan ne? Tun azumi nake rage maka shi zuwa rabi."

"Hajiya, gajiya ce."

"Gajiyar da ke barin hagu ta kama dama?" Ta sa yatsa ɗaya ta tura sakatar, ta shige. "Halas, magana ta ƙare. Lahadi za mu asibiti. In ka ƙi, in kira yayanka."

"In suka ce irin na Baba ne fa?"

Ta tsaya tana kallon hannun, ni ma ina kallonsa. Can ta ce in nuna mata inda na ajiye katin asibiti.