Ranar da Ƙofar Motar Yaƙi Ta Ƙi Buɗuwa

Da karatuna ya yi nisa a Alƙahira sai na bar Madinat Nasr na koma Ainu Shams, inda haya ta fi sauƙi ko da yake tafiya jami'a ta ƙara mini tsawo. A benen da na samu ɗaki ne wata safiya na ji ana Hausa a kan matakala, Hausa mai gauraye da Larabcin Sudan. Mai yin ta wani dattijo ne dogo siriri, wanda ke zaune a hawan da ke ƙasa da nawa tare da 'yarsa. Yaƙi ne ya koro su daga Omdurman. Kakansa ya baro ƙasar Katsina da niyyar Makka, ya yada zango a Sudan, zuri'a ta zauna can. Ina ce masa Baba, ita kuwa da yake ta girme ni nesa, Yaya nake ce mata.

Baba direban babbar mota ne tun yana saurayi. Ya ce mini wadda ya fi daɗewa da ita ƙirar Masar ce, cikin waɗanda aka ƙera wa sojoji a zamanin wani tsohon yaƙi da Masar ta yi. Da ƙura ta lafa aka sayar da ragowarsu ga 'yan kasuwa, wasu suka gangara kudu. Tasa ta yi shekaru tana jigilar dawa da riɗi daga Gadarif. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci da labarin da wani Bamisire ya ba shi, wai a kudancin birni, wajen unguwar masana'antu, tsofaffin ma'aikatan wani kamfanin ƙera motoci sun haɗa ɗan gidan tarihi don tunawa da aikin da suka yi a lokacin yaƙin, kuma akwai irin motarsa a ciki.

Yaya ta ce ba za a je ba. Ciwon suga gare shi, ga zafin bazara, ga iƙamarsu, takardar izinin zama, ta ƙare suna jiran sabuntawa, ba ta son su yi nisa da gida inda wani zai iya tsayar da su ya tambayi takarda. Baba bai yi mata musu ba. Sai dai ya rage cin abinci, ya daina fitowa hira. Daga ƙarshe ita ta hauro ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta ce in raka su tunda ni iƙamar ɗalibi gare ni kuma bakina ya fi nata saba wa Larabcin Masar.

Muka hau jirgin metro da hantsi har kusan ƙarshen layi, sannan muka shiga ƙaramar bas da suke kira mikrobas. Wurin wani tsohon gareji ne mai rufin kwano a bayan gidajen ma'aikata. Ba kowa sai mai kula da shi, wani tsoho kakkaura mai ɗingishi, wanda ya tashi daga kujerarsa da murna kamar ya daɗe bai ga baƙo ba. Shi ma a kamfanin ya yi aiki tun ƙuruciya. Ya zaga da mu yana bayani. Da can ƙananan motoci da bas-bas suke haɗawa, da yaƙi ya zo aka juya komai: manyan motocin ɗaukar sojoji, tankokin ruwa, motocin asibiti, har da ƙarafan gadar da ake shimfiɗawa a kan ruwa. Ya nuna mana hotunan mata suna ɗinka tamfol, da jiniyar da ake kaɗawa idan jiragen abokan gaba sun taso, da sifanu jere a bango, da wata hular kwano da ta lotse. Baba yana bin mu yana gyaɗa kai, amma idonsa na can ƙuryar ɗakin.

Can motar take tsaye, an kewaye ta da igiya, gefenta ɗaya manne da bango. Fentinta mai launin yashi ya koɗe. Fitilunta da gilasanta duk an shafe su da shuɗin fenti, an bar siririn wuri a gilashin gaba inda direba zai leƙa hanya. Mai kulan ya ce haka ake yi don kada haske ya tona mota da dare. Ya dafa gilashin ƙofar direba ya ce na asali ne, kuma shi ya shafa masa wannan fentin da hannunsa a shekarar da ya kama aiki. Sauran motocin duk an canza musu gilashi, wannan kaɗai ta rage.

Baba ya tsaya a gabanta yana ƙare mata kallo. Sannan ya fara magana da mai kulan a kan giya da kuloci, su biyun suka tsunduma kamar tsofaffin abokai. Ban san lokacin da ya roƙi a bar shi ya hau ba, sai na ga mai kulan ya waiwaya ƙofar shiga, ya ɗage igiya. Ya ce kwamitinsu ya hana, amma usɗa, wato gwanin direba, irin wannan ba a hana shi kujerarsa. Yaya ta ce a bari, ba wanda ya saurare ta. Na tallafi Baba ya taka matakin, ya zauna, ya kama sitiyari da hannu biyu. Fuskarsa ta sake gaba ɗaya. Sai ya miƙa hannu ya jawo ƙofa ya buga ta da ƙarfi, yadda ya saba yi shekara da shekaru.

Da farko dariya muka yi. Ya gama wasa da giya ya nemi fitowa, sai muka ga ya ɗago wani abu yana nuna mana ta gilashin gaba. Mariƙin ƙofa ne na ciki, ya karye a hannunsa. Mai kulan ya kama na waje ya murɗa, ya juya fayau ba tare da ya kama komai ba. Ya sake murɗawa, ya jijjiga, ya sa kafaɗa. Na karɓa na gwada. Ƙofar ko motsi. Ɗayar tana jikin bango, kuma tsatsa ta riga ta haɗe ta. Abin sauke gilashi an cire shi tun tuni don kada maziyarta su lalata.

Mai kulan ya ce ma'alish, ba komai, akwai wani makaniki cikin 'yan kwamiti da ya san makullin. Ya kira shi a waya, ba a ɗauka ba. Ya kira wani, aka ce yana wajen gari. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, fankokin da ke rataye suka yi ta raguwa har suka tsaya. Rana ta kai tsaka, kwanon rufin yana huci. Mu da ke waje ma gumi ya jiƙa mu, ballantana wanda ke cikin akwatin ƙarfe a rufe.

Na hau matakin na kara fuskata a gilashin ƙofar. Ta inda fentin ya ɗan kankare nake ganinsa, shuɗi-shuɗi kamar mutum a ƙarƙashin ruwa. Ya cire rawaninsa, kansa na sheƙi. Na ce ya yi haƙuri yanzu za a buɗe. Ya amsa, amma muryar ta yi ƙasa. Yaya ta tuna cewa tun shayin safe bai ci komai ba, dabinon da ta ɗauko masa kuwa yana cikin jakarta. Tana riƙe da shi a tafin hannu tana kallon ƙofar.

Mai kulan ya ce bari ya kira 'yan kwana-kwana ko motar asibiti. Yaya ta kalle ni. Ta san idan suka zo ɗan sanda zai biyo, kuma tambayar farko takarda ce. Ni ma na kalle ta. Mutumin ya lura da kallon da muka yi wa juna, ya mayar da wayar aljihu bai tambayi dalili ba. Ya ɗauko sukuddireba ya shiga ƙoƙarin kwance ƙusoshin ƙofar, amma fenti da tsatsa sun binne kawunansu.

Sai Baba ya fara magana shi kaɗai. Ya damƙe sitiyari, ya sunkuya yana leƙen siririn wurin nan na gilashin gaba, yana cewa a kashe fitila, kowa ya kwantar da kai, kada a tsaya ko an ɗaga hannu. Ya kira sunan matarsa ya ce ta riƙe jarkar ruwa da kyau. Yaya ta dafe bonet. Da ƙyar ta gaya mini cewa a hanyarsu ta fitowa daga Omdurman, cikin wata babbar mota aka cusa su ƙarƙashin tamfol, kuma mahaifiyarta ba ta iso kan iyaka da rai ba. Ban taɓa jin wannan ba sai ranar.

Na sauko na fizgo wata babbar sifana daga bango. Kafin in ɗaga ta mai kulan ya riƙe mini wuyan hannu. Ƙarfinsa ya ba ni mamaki. Na ɗauka gilashinsa yake karewa, har na fara ɗaga murya ina cewa mutum zai mutu. Bai sake ni ba sai da na yi shiru.

"Kai baƙo ne, ɗana," ya ce. "Idan ka fasa, laifi ne. Idan na fasa, tsautsayi ne. Ba ni."

Na sakar masa. Ya tsaya da ita a hannu yana kallon fentin, bai daɗe ba amma ni na ga tsawonsa. Sannan ya ce sai an matsar da tsohon daga jikin ƙofa, in ba haka ba gilashi zai zubo masa a fuska. Na buga ƙofar ina kiran Baba, bai ko juyo ba. Yaya ta roƙe shi da Hausa, ta roƙe shi da Larabci, yana can kan hanyarsa. Kansa ya soma langaɓewa yana jingina da gilashin da za a fasa.

Yaya ta share fuska da gefen mayafi, ta hau matakin, ta daidaita muryarta kamar ba abin da ke faruwa.

"Baba, mun iso. Khalas, mun wuce su. Matsa can kujerar Inna ka huta, wani zai karɓi tuƙin."

Ya ɗago a hankali. Ya tambaya ko da gaske an wuce shingen. Ta ce an wuce. Ya saki sitiyari, ya ja jiki kaɗan-kaɗan zuwa ɗaya gefen, ya kwantar da kai a jikin kujera. Mai kulan ya ce bismillah ya doka sifanar a kusurwar gilashin. Bugun farko tsagewa kawai ya yi. Na biyu ya zube, wani ciki wani waje, wani irin zafi mai warin tsohuwar fata ya bugo mana fuska.

Har yanzu ƙofar a rufe take. Na naɗe hannuna da rigata ta sama na kakkaɓe ragowar gilashin, mai kulan ya miƙo mini filaya, na zura hannu ina laluben guntun ƙarfen da mariƙin ya karye ya bari. Sau biyu filayar tana zamewa saboda gumi. Da ta kama na murɗa da iya ƙarfina, na ji wani abu ya yi ƙas, ƙofar ta buɗo ta kusa ture ni ƙasa.

Muka sauko da shi mu biyu, ba shi da nauyi ko kaɗan. Muka kwantar da shi a kan siminti kusa da ƙofar shiga inda iska ke ɗan kaɗawa. Mai kulan ya dama suga a ruwa, Yaya ta riƙa ɗiga masa a baki, ni ina yi masa fifita da wani kwali. Sannu a hankali idanunsa suka dawo. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi me ya sami hannuna. Sai lokacin na ga jini na bin gwiwar hannuna.

Mai kulan ya fita da ɗingishinsa ya samo mana tasi na wani maƙwabcinsa, ya ja masa kunne ya kai mu har ƙofar gida. Da muka tashi na waiwaya na hango shi ya ɗauko tsintsiya. Ba gida muka wuce ba, wani ƙaramin asibiti da ke jikin masallacin unguwarmu muka je. Likita ya ce sugansa ne ya faɗi ga kuma zafi, ya sa masa ruwa, ni kuma aka ɗinke ni. Ba wanda ya tambayi takardar kowa.

Bayan 'yan makonni ina dawowa daga jami'a na tarar da baƙo a ɗakin Baba. Mai kulan ne, ya bi ta wurin mai tasin ya gano unguwar, ya tambaya har aka nuna masa gidan, ya zo da ledar mangwaro. Na tambaye shi yadda suka ƙare da kwamiti. Ya ce sun yi faɗa sosai, wani ma ya daina yi masa magana, an karɓe makullin wurin daga hannunsa zuwa wani lokaci. Ya faɗa ne yana ɓare mangwaro, bai ɗago ba. Baba, wanda bai tuna komai daga lokacin da mariƙin ya karye ba, ya yi ta ba shi haƙuri, shi kuma yana cewa tamam, tamam, a bar zancen. Yaya ta kawo shayi mai kirfa ta ajiye, ta koma bakin ƙofar kicin ta tsaya tana kallonsu. Aka kira la'asar, na ba Baba hannu ya tashi, muka sauka masallaci mu uku a hankali saboda ƙafar baƙon.