Mutumin da Iya Ta Sauko da Shi Daga Wata

Ni da boko ba mu taɓa shiri ba. Aji uku na yi, shi ma rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi. Amma ka leƙa ɗakina a nan Guangzhou, bayan benen Tianxiu, sai ka rantse ɗakin farfesa ne. Littattafai ne jibge har bakin taga, duk na zane, masu kumbo da mutanen ƙarfe, rubutun da Sinanci, ko ɗigo ban sani ba a ciki. Tsohuwar da ke sayar mini da su, da ta hango ni sai ta hau ƙyaƙyata tana "Lawban! Lawban!", wato maigida, don ta lura ta baya nake buɗe su.

Shekarata tara a garin nan ba biza. Da ta ƙare na ce bari in gama lodin kwantena ɗaya a Huangpu sai in san abin yi. Kwantenar ta isa Kano, an sayar da kayan, waɗanda suka saya ma sun tsufar da su, ni ina nan ina raɓe-raɓe kamar ɓera. Hanyar gida ɗaya ce: in kai kaina ofishin shige da fice, su ajiye ni kwanakin da doka ta ce, su sa ni a jirgi, ba dawowa. Kullum da tunanin nake tashi, kullum kuma sai in samu dalilin gobe.

Buɗe littafi ta baya gado na yi. Ina da shekara takwas Kawu Ɗanladi, ƙanen mahaifiyata mai aiki a reluwe, ya kawo mana wani littafin zane da Bature ya manta a jirgin ƙasa. Muka yi ta kokawa a kansa har kakarmu Iya ta ƙwace ta soke a ƙarƙashin tabarma. Bayan an ci tuwo, an yi lisha, ta ƙara kara a murhu, ta zaro shi. Iya ba ta taɓa riƙe littafi ba in ba Alƙur'ani ba, don haka ta buɗe ta dama, hankali kwance.

"Ku matso, yau daga sama ta sauko."

Muka ce, "Ta sauka lafiya!"

A shafinta na farko ga wani mutum ramamme, gemu buzu-buzu, kansa cikin tukunyar gilashi, zaune shi kaɗai a wani fili fari fat, ko ciyawa babu. Iya ta ce wata ne wannan, mutumin kuwa Mai Tukunya, ya je fatauci ya tarar babu kasuwa. Kusa da shi abokinsa na kwance a mace. Ta juya shafi, sai ga abokin a zaune. Ta sake juyawa, ga shi a tsaye yana dariya.

"Kun gani? Da ya ji an ce gida, mutuwar ma ta sake shi."

Suka shiga wani dogon bututu mai wuta a gindi. Ƙanwata Talatu ta ce, "Iya, ai hancinsa sama yake kallo."

"Ke da jaki za ki sauka gangare, ba ja da baya yake yi ba? Rufe mini baki."

Kowane shafi Mai Tukunya sai ƙara ƙiba yake, gemu na raguwa, har ya sauka ƙasa fes kamar ango. Ga matarsa ta rungume shi tana kuka, ga 'yarsa riƙe da ƙafar wandonsa. A nan Iya ke rera waƙar da ta ƙaga wa yarinyar, tana buga mara a bakin ƙwarya:

"Mai Tukunya, cire tukunya,
Mu ga fuska, mu san na gida ne."

Mu kuwa mu yi ta amshi har maƙwabta su yi magana ta katanga. Har yau ban ji waƙar da ta kai ta ba, kuma na ji na Indiya, na ji na 'yan China masu kama da kukan mage. Ina cikin ciniki a kasuwar Baima sai in ji ina yin ta a hanci, mai shago ya zaci ragi nake roƙo, ya hau "meyo, meyo", wai babu.

Da Kawu ya dawo hutun salla ya zauna ya ji, dariya har da riƙe ciki.

"Iya, ai a juye kike karantawa! Tafiya ya yi, ba dawowa ba. Kukan nan na ban kwana ne. Abokin mutuwa ya yi, shi ma can ya ƙare."

Talatu ta fashe da kuka. Iya ta dube shi ta cikin hayaƙi.

"Ɗanladi, wanda ya zana abin nan yana da uwa?"

"Ina na sani, Iya?"

"Ba shi da ita. Mai uwa ba ya kai mutum can ya baro shi. Miƙo mini abina."

Ta sake buɗewa ta dama, ta faro daga farko, Kawu na zaune kamar an jiƙa shi.

Abin kunyar shi ne ni bayan Kawu na bi. Washegari na saci littafin na shiga rumbu na bi shi ta hagu, kuma wallahi ya fi mini daɗi. Mutum ya bar kowa ya hau wuta ya tafi! Tun daga ranar ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Legas, Kwatano, Dubai, nan. Da na zo na tarar akwai littattafan zanen da asali ta dama ake buɗe su, na ce Allah sarki Iya, ashe ba kuskure kika yi ba, ƙasa ce ta ɓace miki.

Na daɗe ina ɗaukar abin da ta yi a matsayin taurin kan tsofaffi. Yanzu da furfura ta cinye ni na gane hotunan ba su canja ba ko ɗaya, ta inda mutum ya kama ne kawai. Ita ta zaɓi nata ɓangaren da gangan, a gaban wanda ya fi ta karatu.

Ran Juma'ar da ta wuce 'yata Hauwa'u ta kira ni ta bidiyo, ta miƙa wayar ga 'yarta mai shekara biyar, wadda ban taɓa ɗauka ba.

"Mijina na cikin waya, yaushe za ka fito? In ka daɗe zan auri mai rake."

Na yi dariya, na kashe, na rasa inda zan sa kaina. Na sauka daga bene, na hau, na sake sauka. Na je na samu Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi da muke cin abinci tare, na ce ya raka ni ofishin ran Litinin.

"Tsoho, Litinin ta nawa ke nan? Ta huɗu fa. Walle ba ni ƙara sa babbar riga saboda kai."

Gaskiyarsa. Na san halina, jakata sau uku ina ɗaure ta ina kwancewa. Shi ya sa jiya na kira masu kwasar kaya na ba su katifa da tukunyar shinkafa kyauta, na mayar wa mai gida mabuɗinsa na biyu, na ce ya kawo sabon ɗan haya ran Talata. Yau a kan kwali na kwana, ƙuguna sai Allah. In na sake tsorata ran Litinin, sai dai in tsorata a tsaye.