Na'urar da ta ƙi ƙirga shanu

Mun tashi da asuba daga Sabon Birni, sai dai tashin bai wuce tasha ba, don yanzu babu direban da zai hau hanya sai ido ya ga ido. Mu uku ne: ni, da 'yar yayata mai karatun kwamfuta a wata kwaleji a Sakkwato, da mahaifinta, makiyayi daga wajen Kurawa. Gasar da kwalejin ke yi duk shekara za mu, ta ƙera mutum-mutumi da rubuta manhaja. Ni dai son gani ya ɗauko ni, don ban taɓa ganin ƙarfe yana bin umarni ba sai a waya.

Shi kuwa mijin yayar tawa cewa ya yi ba gasa ta fito da shi ba. "Kasuwar Kara za ni, maganin shanu," in ji shi, alhali maganin nan har a kasuwarmu ana zuba shi a tire. Yarinyar 'yarsa ce ta fari, ko sunanta ba ya faɗa, balle ya yarda ita ya rako.

Akwai 'yar tsama a tsakaninsu. Abin da ta ƙera wata 'yar kura ce mai taya huɗu da ido guda, da za ta tsaya a bakin garke tana ƙirga shanu in sun dawo kiwo. Da ta nemi gwadawa a garkensa hutun baya, ya ce ko kusa. A wurinsu ƙirga dukiya kiran asara ne, ubansa bai ƙirga ba, shi ma ba zai fara ba. Malamanta kuma sun ce in ba a gwada na'urar a garken gaske ba, aikin nata na kammala karatu bai cika ba. Garken da take da shi a duniya kuwa ɗaya ne.

Motar ta cika da mutanen garin Isa, waɗanda ke zagayowa ta wurinmu saboda gajeriyar hanyarsu ta zama abin da ta zama a hannun ɓarayin daji. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, ramukan hanya kuma sun fi shi hauhawa. Yarinyar ta rungume kwalin na'urar kamar mai jego, duk ramin da muka faɗa sai ta yi salati. Wata tsohuwa ta tambaye ta ko ƙwan zabo ne. Sai da muka hango Goronyo hira ta dawo bakin mutane. A can na sayi soyayyen kifi mai yaji, uban yarinyar ya yi masa kallon hadarin kaji, ya buɗe goran furarsa.

Zauren gasar ya cika maƙil, ƙarar janareta a waje, ta ɗalibai a ciki. Na zama ɗan ƙauye sosai, ban kuma ji kunya ba. Na ga wata mota kamar kwanon sha tana bin baƙin layi a ƙasa, ta zo kwana ta miƙe ta shige ƙarƙashin kujerar alƙali. Na ga hannun ƙarfe yana tsince tumatir ja daga kore, ya matse ɗaya har ruwan ya fallatsa wa mai shi a riga. A gefe guda masu manhaja sun yi layi sun ƙura wa kwamfuta ido, babu mai motsi. Na tsaya a kansu ina jiran a fara, ashe har an kusa gamawa. Abin da ya fi ba ni mamaki, yawancin kayan nan daga bola suka fito, tsohuwar fanka da batirin waya da tayar keken yara.

Da aka kira tamu, sai ta jera hotunan shanu manne a kwali, ta riƙa wucewa da su gaban idon na'urar ɗaya bayan ɗaya, ta ɓoye guda a bayanta. Ina jiran in ji lamba. Na'urar ta ɗan juya, ta ce da muryar yarinyar, "Wule ba ta dawo ba." Na waiga, na ga uban ya miƙe zaune. Hotunan shanunsa ne, sunan kuma na saniyarsa ce mai farin goshi.

Wani alƙali ya tambaye ta, to jimilla nawa ne suka shiga? Ta ce na'urar ba ta faɗa, ita da kanta ta cire wannan. Ya ce ai kuwa ta rage wa aikinta daraja, duk mai saye adadi yake so, kuma gyaran bai wuce layi biyu a manhajar ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, gidanmu ba a ƙirga su. Kowace da sunanta." Wasu suka yi dariya. Raina ya ɓaci, amma ba za ni ce alƙalin ya yi ƙarya ba. Masu hannun tumatir suka ci, ita ko na uku ba ta zo ba.

Muka kwana gidan wani ɗan'uwa, washegari muka juyo. Maganin shanun dai ba a saya ba, ni ma ban tuna masa ba. Muka iso Sabon Birni idon yarinyar ya yi ja. Tausayi ya sa na raka su har ruga a kan babur.

Mun isa shanu na dawowa da la'asar sakaliya. Ya sauka, ya ɗauki kwalin da kansa ya dire a bakin garke, ya juya mata baya kamar da ni yake magana.

"Ka ce ma yarinyag ga ta kunna abin nata." Ya kai dubansa ga garken. "Ka tambaye ta kuma, waɗanda ɓarayi sunka kora damana, tana da hotonsu?"

Ta ce, "Akwai, Baffa. Har Saige."

"To ta koya mishi su. Wata ran saniya tana gane hanyar gida."

Na tafi Sakkwato don in ga yadda ake koya wa ƙarfe aiki, na kuwa gani. Abin da ban zata ba shi ne, mai ƙira ma sai ya san gidan da ƙirarsa za ta kwana. Na baro su tana tsugune tana shigar da hotunan, shi yana tsaye a kanta yana faɗa mata sunayen ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ya manta.