Kusurwar Yaya Tanko

Ku da kuka zauna Unguwar Kanawa kun san halin Yaya Tanko mai walda, mijin yayata Ladidi. In ya shigo gidanka, sallama kawai zai yi, kafin gaisuwa ya wuce wajen taga ko ƙofa, ya danna babban yatsa a kusurwar ƙarfen, ya girgiza kai. "Wannan ma ta kusa rabuwa," in ji shi. Sannan ya tambayi lafiyar iyali, ka amsa jikinka a sanyaye.

Ban taɓa ganin haƙorinsa a waje ba. Aikinsa ɗaya ne, ƙarfen nan mai gefe biyu da ake firam ɗin gado da taga da shi. Sauran masu walda su datse shi, su kara baki da baki, su ɗiga wuta, shi ke nan. Shi kuwa haram! Sai ya zana da alli, ya sa zarto ya cire 'yar tsaga daga gefe ɗaya, ya lanƙwasa ƙarfen har bakunan su haɗu, bayan kusurwar bai yanke ba. Sannan ya bi ciki da waje da walda, ya goge da magagari. Ya ce abin da aka raba biyu, ko an liƙe shi yana nan yana tuna rabuwar.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama na tashi aure, ina akawu a wani ofis a Doka. Na ce ya yi mini gado. Biki ya matso, gado ƙafa uku. Na je na tarar ya sare kusurwar da ya gama jiya.

"Yaya, don Allah! Jibi fa za a kawo amarya!"

"A kawo ta mana. Tabarma ta ƙare a Kaduna ne?"

A tabarmar kuwa muka tare. Ran da ya kawo gadon a kan amalanke, Hajara amaryata ta durƙusa tana godiya, ya dube mu ya ce, "Ku kwanta da hankali kwance. Gadon nan sai ya ga bayanku duka." Kai jama'a! Wannan ce addu'ar aurensa. Muka yi ta dariya. Hajara ta rasu wajen haihuwar fari. Gadon yana ɗakina, ko ƙara ba ya yi.

Bayan jana'izarta ne ya ɗauki gaba da makarar unguwa, wai ya ji katakonta yana kuka a kafaɗarsa. Ba wanda ya sa shi, ya ƙera ta ƙarfe, kowace kusurwa da tokarenta. Da ya gama ya ce sai an gwada. Ya haye ya miƙe, ya ja mayafi har ka, ya sa maƙwabta su ɗaga su zaga da shi. Wata tsohuwa ta leƙo ta ga ƙafafunsa, ta ruga cikin gida. Ladidi ta fito ba ɗankwali tana salati, sai ga mamaci ya ɗago kai yana cewa, "Na baya, kana karkatawa!"

Ladidi ta yi sati ba ta yi masa magana ba. Liman kuma ya gwada ɗagawa, ya sauke yana haki.

"Malam Tanko, ai wannan ta fi mamacin nauyi."

"Allah gafarta malam, wanda ke ciki ya kawo ƙara?"

Gilashin kare ido kuwa, yana rataye a ƙusa, gizo-gizo ya yi gida a ciki. Wai duhu gare shi, ba ya ganin yadda wuta ke shiga tsaga. Ladidi ta yi kuka, na yi faɗa, ya ce idon ai nasa ne. Kafin soja su miƙa mulki ya daina gani. Aka sayar da injin waldarsa, ya koma zaman zaure.

Zuwana na ƙarshe, da damina, ya ce in samo masa guntun ƙarfe da zarto. Na samo, na danne masa da ƙafa. Ya laluba, ya yanka a hankali, gumi yana zuba. Tsagar ta tafi can gefe, a karkace. Ya shafa ta, ya sake shafawa.

"Ladan, ta miƙe?"

"Ta miƙe, Yaya."

Ya dafa ƙarfen. "Ƙarya kake," ya ce. "Amma na gode."

Ranar Juma'ar da ta biyo ya cika.

Allah ya jiƙan Yaya Tanko, ya yafe masa, ya buɗe masa idanunsa a kan abin da zai sa shi murmushi. Amin.