Ranar da Na Yi wa Talabijin Fifita

Akwai wata Asabar da ko tsufa ya kwashe min sunayen jikokina ba na jin zai iya kwashe ta. Ita ce ranar da aka ɗora aikin Yayana gaba ɗaya a kan wani faifai, aka damƙa faifan a hannuna.

Ina aji biyu na sakandare a lokacin, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Ni yarinya ce mai kunyar tsiya. In baƙo ya yi sallama, bayan randa nake laɓewa. Amma idona ba ya barin komai ya wuce, na san wanda ya sauya hula, na san wadda ta yi kuka ta wanke fuska.

Yayana shi ne babba a gidanmu, ni ce auta. Dogo ne na ban mamaki, duk ƙofar da ke garinmu Gwarzo sai ya sunkuya mata. A makarantar kwana ya fara ƙwallon kwando, zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da ko alli sai an yi rabo. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya gan shi yana ciro mangwaro ba sanda, ya ɗaure gargaren keke a jikin falwaya ya ce ya riƙa jefa ƙwallo ciki. Daga nan ya tafi kwaleji a Kano, ya buga wa kwalejin, ya buga wa jiha, har wasu suka gan shi suka ɗauke shi zuwa wata ƙasa a Turai, wasan ya zama sana'arsa.

Baba malamin Islamiyya ne. Bai taɓa ganin wasan ba, abin da ya sani kawai ɗansa yana motsa jiki ana biyansa. Da Yaya ya zo hutu a wannan shekarar, sai ga Baffa, wan Baba, ya taso takanas daga Kabo a kan babur.

"Malam, mutane fa suna magana," in ji shi. "Kai ne a sahun gaba ana kiran Shari'a, ɗanka kuma yana can yana tsalle da gajeren wando. Wa ya san ma abin da ake yi a wurin?"

Baba ya kira Yaya ya ce ba zai koma ba sai ya ga aikin da idonsa. In ya ga abin da bai gamshe shi ba, to ga gona can a Mainika tana jiran mai ƙarfi. Yaya kuwa ba ya tsallake maganar Baba, kowa ya san in an ce zauna, zai zauna.

Da ma ya zo da kaset ɗin bidiyo na wani wasansu. Aka aro bidiyo da janareta a maƙwabta, aka sa ranar Asabar bayan la'asar. Ana gobe, da Baba ya tafi masallaci, muka kunna don gwaji, ni da Inna da Yaya. Wasa ya yi daɗi, sai aka busa wani ƙaho, 'yan wasa suka koma gefe. Kawai sai ga wasu 'yan mata sun ɓarko fili da kiɗa, suna rawa, kayan jikinsu duka in an haɗa ba za su yi ɗankwali ɗaya ba.

Inna ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Kai, waɗannan fa? Iyayensu suna raye?"

"Inna, wallahi na manta da su," in ji Yaya. "Duk hutun da aka yi a tsakiyar wasa sai sun fito. Mu ba ruwanmu da su."

"To je ka gaya wa Baffanka ba ruwanka."

Yaya ya gwada tura kaset ɗin gaba, sai abin ya ƙara muni, 'yan matan suka ci gaba da rawar da gudu kamar an zuba musu barkono. Kuma ba a san lokacin da za su fito ba, sai dai a gan su. Nan na buɗe baki, abin da ba na yawan yi. Na ce ai ana ganewa. Mai horar da su Yaya, wani mai sanƙo da tumbi, duk lokacin da zai nemi hutu sai ya fara jefar da tawul ɗinsa ƙasa. Aka mayar baya aka duba, haka ne.

Inna ta dube ni, ta dubi tsohuwar talabijin ɗinmu, ta tashi ta ɗauko babban faifanta. "Gobe ke za ki zauna kusa da akwatin nan. Da mai sanƙo ya yar da tawul, ki rage murya, ki tsaya a gaba ki yi ta fifita. In an tambaya, akwatin ne ya yi zafi."

Ni da ko gaisuwa a gaban maza sai muryata ta maƙale!

Asabar ta zo. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka fito da talabijin a kan turmi. Baba da Baffa a gaba, wasu malamai biyu abokan Baba a gefe, Inna da matan maƙwabta suna leƙe daga ƙofar ɗaki. Yaya ya naɗe dogayen ƙafafunsa a can baya, gumi yana tsattsafo masa tun ba a fara ba.

Da aka nuno shi, Baffa ya ce, "Ga gwiwa nan a waje, Malam."

"Na gani," in ji Baba.

Baffa ya ci gaba da sharhi. Ya ce mutum goma ƙarti suna rububin ƙwallo ɗaya, kuma kwandon ma a ɓule yake, duk abin da aka zuba sai ya zubo. Ɗaya daga cikin malaman ya tambaya me ya sa ba sa riƙe ƙwallon su ruga da ita, sai sun yi ta buga ta da ƙasa. Yaya yana bayani daga baya da ladabi. Ni kuwa ba ƙwallo nake kallo ba, tawul nake kallo.

Mai sanƙo ya yar da tawul. Na zabura, na murɗa murya ƙasa, na tsaya ƙiƙam a gaban akwatin ina fifita.

"Ke, lafiya?" in ji Baffa.

"Zafi ya yi," na ce, da wata murya kamar ta sauro.

Inna ta taimaka daga ƙofa: "Tsohon akwati ne, Baffa, in ba a yi masa haka ba sai ya ƙone."

Baffa ya gyaɗa kai ya ce kayan yanzu duk haka suke. Na leƙa ta ƙarƙashin hammata, na ga an dawo wasa, na koma na zauna. Haka muka yi ta yi. Har ɗaya malamin ya fara tausaya min, ya ce a samo wa yarinyar nan mafici mana. Na lura Baba ya daina jan carbinsa, ya matso gaba kaɗan.

Can wajen ƙarshe wasa ya yi zafi, maki ya zo kusan ɗaya. Wani ya cilla ƙwallo sama, sai ga Yaya ya taso kamar an harbo shi, ya cafke ta a iska ya dankara ta cikin kwando har ƙarfen yana rawa. Baffa da kansa ya miƙe tsaye, hularsa ta faɗi. "Kai! Ɗan nan!" Mata suka rangaɗa guɗa. Ni ma na saki baki ina tafi, faifai a hammata. Ashe wannan karon mai horar da ɗaya ƙungiyar ne ya nemi hutu, shi kuwa ba ya yar da tawul.

Kiɗa ya tashi. 'Yan mata suka cika akwatin.

Malaman suka sunkuyar da kai suna salati. Baffa ya ɗauki hularsa ya kare fuska da ita. Na ruga na rufe, amma an riga an gani.

"Auta," in ji Baba a hankali. "Tun ɗazu abin da kike rufewa ke nan?"

"E, Baba."

"Akwatin bai yi zafi ba?"

"Bai yi ba."

Ya juya wajen ƙofar ɗaki, amma Inna ta ɓace. Baffa ya ce, "To, Malam, ka gani da idonka. Sai a nemo masa fartanya mai doguwar ƙota."

Na dubi Yaya. Kansa yana ƙasa, manyan hannayen nan nasa sun yi lamo a kan gwiwa. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ji bakina yana cewa, "Baba, ba a nuna maka Yaya ba. Yana can gefe, ta hagu. Duk hutun nan na gan shi."

Sai Baba ya ce a mayar baya, in rufe ɓangaren mutanen banza, in bar masa ɓangaren ɗansa. Na kara faifan ya rufe fiye da rabin gilashin. A ɗan sauran wurin ga 'yan wasa sun kewaye mai sanƙo, duk sun ba fili baya. An miƙo musu gorunan ruwa, kowa ya ɗaga kai yana kwankwaɗa a tsaye. Yaya shi kaɗai ya karɓa da hagu, ya mayar dama, ya tsuguna a kan ƙafa ɗaya, leɓensa ya motsa, sannan ya sha.

"A tsugune ya sha," in ji Baba, kamar da kansa yake magana.

"Gajiya ce," in ji Baffa.

"Kowane hutu haka yake yi," na ce. "Har na farko, tun bai gaji ba."

Baba ya sa aka koma hutun farko, aka duba, aka duba na biyu. Sannan ya kira Yaya da sunan da yake kiransa tun yana yaro, ya tambaye shi ko shi ya gayyato masu rawar. Yaya ya ce a'a. Ya tambaye shi ko dokar wasan ta hana a rufe gwiwa. Yaya ya ce akwai wani wando mai kama jiki da ake sawa a ciki.

"To ka nemi wanda ya wuce gwiwa, ka koma bakin aikinka, Allah Ya tsare. Amma da na tashi daga nan da abin da kuka shirya min kawai, ran da na ji gaskiya a bakin wani, ko daga ina ne sai na dawo da kai." Ya juyo gare ni. "Ke kuma kai wa uwarki faifanta, ki ce akwatin ya huce."

Baffa ya yi ƙwafa, ya gyara zama, ya ce tunda an riga an ƙona mai, a ƙarasa a ga wanda ya ci.

Yaya ya koma, ya yi shekaru yana bugawa a ƙasashe daban-daban kafin ya dawo gida yana koyar da yara. Ni kuma abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, in kana so a yarda da naka, kada ka zaɓar wa mai hukunci abin da zai gani. Mun yi ta rufe abin da muke tsoro, ashe tare da shi muke rufe abin da zai ceci Yaya.